Daren Kolon: Yadda Keith Jarrett Ya Bi da Piyano Marar Lafiya, da Abin da Ya Shafi Zaurukan Kiɗa na Legas

Ranar Juma'a 24 ga Janairu 1975, da misalin ƙarfe sha ɗaya da rabi na dare, Keith Jarrett ya zauna gaban piyano a gidan opera na birnin Kolon, a Jamus ta Yamma ta wancan lokaci. Ba takardar kiɗa a gabansa, ba mai ganga, ba mai busa, kuma bai zo da wani tsari daga gida ba. Ya yi kiɗa na sa'a ɗaya da 'yan mintoci a gaban mutum kusan 1,400. Kamfanin ECM ya fitar da faifan a cikin shekarar, aka sayar da kwafi sama da miliyan uku da rabi, kuma har yau ba a samu faifan piyano zalla da ya kamo shi a ciniki ba. A nan Legas ma, masu koyon piyano da masu sha'awar jaz sun san labarin, sai dai yawanci a taƙaice suke ba da shi: wai piyanon ya lalace, shi ya sa kiɗan ya yi daɗi. Wannan magana rabinta gaskiya ce, ɗaya rabin kuwa ta zama mafakar masu zauren da ba sa son biyan mai gyara.

Jarrett yana da shekara 29 a daren. An haife shi a Allentown ta jihar Pennsylvania a Amurka a 1945, ya fara da kiɗan Turawa na takarda tun yana ƙaramin yaro, ya koma kiɗan jaz ya yi aiki da mai ganga Art Blakey, ya shiga ƙungiyar Charles Lloyd a 1966, sannan ya kaɗa wa Miles Davis a 1970 da 1971. Wasannin da ya yi shi kaɗai a Bremen da Lausanne a 1973 sun riga sun fito a faifai. Ke nan mutumin da ya hau dandamali a Kolon ya daɗe yana aikin ƙirƙirar kiɗan sa'a guda nan take, kuma ya san abin da zai yi idan tunani ya tsaya masa a tsakiyar hanya.

Wadda ta shirya taron matashiya ce, Vera Brandes, ba ta ma kai shekara ashirin ba. Jarrett ya nemi a ba shi Bösendorfer Imperial, babban piyanon kamfanin nan na Viyana, mai tsawon santimita 290 da maɓallai 97, wato tara fiye da 88 da aka saba, kuma duka taran a ɓangaren murya mai kauri suke. Ma'aikatan gidan suka ruɗe, suka turo wani ƙaramin Bösendorfer da ake gwaji da shi a bayan dandamali. Saitinsa ya karkace, ɓangaren kauri ba ƙarfi, ɓangaren siriri yana ƙara kamar gwangwani, feda kuma, wato abin da ake takawa da ƙafa, ba ta aiki yadda ya kamata. Shi kansa makaɗin ya iso a mota daga Siwizalan tare da Manfred Eicher, mai kamfanin ECM, ga gajiya, ga rashin barci, ga ciwon baya. Saura ƙiris ya fasa. Abin da masu ba da labari suke tsallakewa shi ne, masu gyara sun shafe sa'o'i a kan piyanon kafin a buɗe ƙofa. Abin da za a iya gyarawa a yini ɗaya sun gyara. Abin da ya rage shi ne wanda ba ya gyaruwa, wato ƙanƙantar jikin piyanon.

Dalilin wannan yana cikin tsirkiya. Piyano yana da tsirkiyoyi kimanin 230, kuma jan da suke yi wa ƙarfen da ya riƙe su ya kai tan goma sha takwas zuwa ashirin. Maɓallan siriri da na tsakiya kowanne tsirkiya uku yake bugawa lokaci ɗaya, na farkon kauri biyu, na can ƙasa ɗaya tak, wadda aka naɗe da jan ƙarfe don ta yi nauyi. Maɓalli na ƙarshe a hagu, wanda ake kira A (da haruffa ake sa wa sautukan piyano suna), yana kaɗawa sau 27.5 a daƙiƙa. Don tsirkiya ta kaɗa a hankali haka, ko dai ta yi tsawo ko ta yi kauri. A babban piyano tsawonta yakan kai kusan mita biyu. A ƙarami ɗan abin da ya wuce mita ɗaya ne, don haka dole a ƙara mata kauri, kuma tsirkiya gajera mai kauri ba ta lanƙwasuwa, tana kaɗawa ne kamar sandar ƙarfe. Asalin muryarta sai ta raunana, ƙananan sautukan da ke tafe a samanta su kauce daga inda ya kamata su zauna, kunne ya ji wani abu kamar tari a maimakon rugugi. Allon amo ma, wato faffaɗan katakon da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi wanda shi ne ke tura iska, ƙarami ne. Irin wannan piyano ya ishi falo. Bai ishi zauren mutum dubu da ɗari huɗu ba, ko da sabo ne fil.

Sai Jarrett ya tattara hannayensa a tsakiyar piyanon, inda muryar take da lafiya. Tunda bugu ɗaya na hannun hagu ba zai cika zauren ba, sai ya maye gurbin nauyi da maimaici: gajeren salo guda, a yi ta juya shi, kowane zagaye yana ɗora amo a kan wanda ya gabace shi kafin ya mutu. A kashi na farko, mai tsawon minti 26, akwai wurin da ya yi kusan minti goma sha biyu yana kai da komo tsakanin haɗin sauti biyu kacal, wato rukunin maɓallan da ake kaɗawa tare. Na ɗaya A, C, E, G. Na biyu G, B, D. Duka fararen maɓallai ne, yaron da ya yi wata guda yana koyo zai iya danna su.

Kunnen Bahaushe bai kamata ya sha wahala a nan ba. Wanda ya tashi yana jin Mamman Shata ya san yadda kalangu da 'yan amshi suke riƙe gindin waƙa ba canji, shi kuwa yana zuba baiti a kai yadda ya zo masa, wani dogo, wani gajere, wani ya shigo a makare da gangan. Kuntigin Ɗanmaraya Jos tsirkiya ɗaya gare shi, ba wanda ya taɓa cewa waƙoƙinsa sun rasa abin faɗa. Hannun hagu na Jarrett shi ne kalangu da 'yan amshi, na dama shi ne mawaƙin. Mazauna Legas kuma suna da ƙarin sabo ta wajen Fela, wanda ya yi karatun kiɗa a Landan, ya fara da haɗa jaz da hailaif, ya ƙare da dogayen kiɗan da ke zama a kan haɗin sauti ɗaya ko biyu har minti ashirin.

Amma maimaici kaɗai ba ya sa mutum hawaye. Abin da yake yi shi ne ya koya wa mai sauraro jira. Idan hannun hagu ya zagaya sau takwas ko goma, kunne ya daina lura da shi, ya koma hasashen inda na dama zai sauka. Daga nan ƙaramin abu yakan zama babba. Jarrett yakan hau da muryar waƙar har dab da inda kowa ke jiran ta huta, sai ya tsaya a maɓallin da ke maƙwabtaka da wurin, ya riƙe shi, hagu ya wuce ya bar shi, sai a zagaye na gaba ya sake shi. Wani lokaci dama tana tafe a bayan bugun da ɗan taƙi, kamar mai jan ƙafa, hagu kuwa bai sassauta ba ko kaɗan. Wannan rabuwar hannaye biyu ita ce mafi wuya a cikin aikin gaba ɗaya. Mai koyo idan ya jinkirta dama, hagu ma sai ya bi ta, kiɗan ya zube.

Akwai kuma matsalar da kowane mai piyano yake fama da ita, wadda ta fi tsanani a kan ƙaramin piyano. Mai goge ko mai algaita zai iya fara sauti a hankali ya kumbura shi. Piyano ba ya haka. Da zarar 'yar gudumar da maɓalli ke harbawa ta bugi tsirkiya ta koma, sautin raguwa kawai yake yi, kuma a ɓangaren siriri raguwar ta fi sauri. To ta yaya ake sa shi ya yi kamar murya? Dabarun da ake ji a faifan ba boyayyu ba ne. Makaɗi yakan saurari inda sautin baya ya sauka a ƙarfi, ya buga na gaba daidai wannan matakin, don kada a ji tsalle. Tunda ba a iya lanƙwasa sautin piyano yadda mawaƙi ke jan murya, sai a goga maɓallin da ke kusa da sauri kafin a sauka a kan wanda ake nufi, salon da Jarrett ya ɗauko daga kiɗan cocin baƙaƙen Amurka da bulus. Idan ana son dogon sauti, a maimaita maɓalli ɗaya ko a zagaye shi da gudun yatsu. Sannan a cikin hannun dama ɗaya, ƙaramin yatsa da na kusa da shi, waɗanda su ne mafi rauni, su ke ɗauke da waƙar, dole su fi babban yatsa da manuniya ƙarfi. Wanda bai yi shekaru yana horar da wannan ba, duk yatsun za su fito daidai wa daida, waƙar ta nutse a cikin rakiyarta.

Feda ta dama ita ce ke ɗaga madannan da ke kashe tsirkiya, don sauti ya ci gaba bayan an saki maɓalli. Makaɗa da yawa a kanta suke jingina duk wani sassaucin kiɗansu. Wanda bai amince da fedarsa ba dole ya haɗa sautuka da yatsu, ya riƙe wannan har sai ya danna wancan. Ina ganin wannan na cikin dalilan da suka sa kiɗan Kolon yake da tsabta, kana jin kowane bugun hagu a rarrabe ko a wuraren da ya fi zafi. Ana kuma jin ƙafarsa tana dukan ƙasa, ana jin nishinsa da ihunsa. Wasu wannan yana damunsu, kuma ba laifinsu ba ne. Amma in ka lura, yawanci yana yin su ne a daidai inda ya samo wata hanya da bai zata ba, don haka sun zama alama ga mai sauraro cewa ga abu nan tafe.

An raba faifan kashi huɗu saboda fuskokin faifan garmaho, amma a zauren dogayen kiɗa biyu ne da ɗan ƙari a ƙarshe. Kashi na farko shi ne wanda kowa ya sani, kuma mintocinsa shida na ƙarshe, inda ya koma kan A mai haske ya yi ta juyi, su ne sakayyar duk jiran da aka sha. Na biyu ya buɗe da kusan minti takwas na bugun hagu a kan D, mai ƙarfi, irin wanda zai sa ɗan Legas ya fara gyaɗa kai, sannan ya huce. Na uku ya fara a kan F mai ƙari, wato baƙin maɓallin da ke gaba da F, cikin yanayi mai duhu, kuma a nan ne za ka ji shi yana lalube: ya gwada hanya, ta ƙi, ya bar ta, ya dawo ta wata. Masu cewa kowace daƙiƙa ta faifan zinariya ce ba su yi masa adalci ba. Akwai wuraren da ya tsawaita fiye da kima. Sai dai wanda ya yanke su ya tsallaka wurin daɗin zai tarar daɗin ya ragu, domin rabin nauyinsa daga laluben ya fito. Na huɗu, ɗan minti bakwai da ya ƙara bayan tafi, waƙa ce da ya riga ya tsara tun da, kuma ana jin bambancin nan da nan: komai a ɗaure, farko da ƙarshe a wurarensu.

Illar wannan faifai ita ce 'ya'yan da ya haifa. Shiga harabar manyan otal-otal a tsibirin Victoria da yamma, za ka iya tarar da mai piyano ya taka feda ya ƙi ɗagawa, yana jujjuya haɗin sauti biyu, dama tana yawo ba inda ta dosa. Ya ɗauki maimaicin ya bar jiran. Shi kansa Jarrett ya daɗe yana ƙin a rubuta kiɗan a takarda, sai wajen 1990 ya yarda, kuma da sharaɗin mai kaɗawa ya riƙi faifan a matsayin alƙali, saboda takarda ba ta iya nuna yawan jinkirin da aka yi wa kowane bugu. Wasansa na ƙarshe a bainar jama'a shi ne na zauren Carnegie a New York, a Fabrairun 2017. A 2018 ya samu bugun jini sau biyu, wanda ya taɓa ɓarin jikinsa na hagu, hannun da ya ɗauki nauyin daren Kolon.

Game da ɗaukar sautin, makirfo biyu kawai injiniyan sauti Martin Wieland ya kafa, da na'urar tef. Mai sauraro a lasifikar waya ba ya jin wannan faifai, rabinsa yake ji. C ta tsakiyar piyano tana kaɗawa kusan sau 262 a daƙiƙa, kuma 'yar lasifikar waya ba ta da abin kirki da take fitarwa ƙasa da nan, alhali a can hannun hagu yake aiki. A sa abin kunne mai rufe kunne duka, ko lasifika mai ɗan girma, a kuma bari sai janaretan maƙwabta ya yi shiru.

Legas ba baƙuwar masu piyanon jaz ba ce. Randy Weston ya zo a 1961, ya dawo a 1963, ya sake zuwa bikin al'adun baƙar fata na FESTAC a 1977. Ƙungiyar kiɗa ta Najeriya, MUSON, wadda aka kafa a 1983, tana da zauruka da makarantar kiɗa a Onikan, ana kuma yin wasanni a Freedom Park da ke titin Broad. Ranar jaz ta duniya tana faɗowa 30 ga Afrilu, daidai lokacin da damina ta kankama a nan. Wannan ya kawo mu ga babban abokin gabar piyano a birnin, wato danshi.

Piyano katako ne da ulu da fata da ƙarfe, kuma ya fi zama lafiya idan danshin iska yana tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. A Legas da damina yakan wuce 80. Allon amo ba a miƙe yake ba, yana da ɗan doro a tsakiya. In ya sha danshi sai ya kumbura, doron ya ƙaru, ya tura gadar da tsirkiyoyi suka hau, jan ya ƙaru, muryar ta hau sama. Ba kuma daidai take hawa ko'ina ba, tsakiya ta fi motsi, don haka hannun hagu da na dama sai su daina jituwa. Da hunturu ya shigo a Disamba da Janairu, katakon ya bushe, muryar ta faɗo. Shekara da shekaru na wannan kumburi da motsewa su ke sassauta ƙusoshin da aka naɗe tsirkiyoyi a kansu, har piyano ya kai matsayin da ko an saita shi da safe, kafin la'asar ya zame. Ulun da ke cikin ramukan maɓallai da na mahaɗan gudumomi shi ma yana kumbura, shi ya sa maɓalli ke nutsewa ya ƙi tasowa. Iskar teku tana sa wa tsirkiya tsatsa, musamman a Lekki da Ikoyi, kuma tsirkiya mai tsatsa takan tsinke ne a daidai lokacin da mai saiti ya ja ta. Ga gara, ga ɓeraye masu son ulun gudumomi don sheƙa, ga kyankyasai.

Maganin ba sanyi ba ne, daidaito ne. Iyakwandishan da ake kunnawa ranar wasa kawai, a kashe sauran kwana shida, ya fi rashinsa illa, domin kullum katakon yana cikin kai da komo. Gara na'urar tsotse danshi a ɗakin da yake rufe, ko sandar ɗumi ta lantarki da ake maƙalawa ƙarƙashin allon amo tare da abin da ke kashe ta in iska ta bushe, sannan a rataye ma'aunin danshi a gefe ana dubawa. Kada a jingina piyano da bangon waje, kada a ajiye shi ƙarƙashin bakin iyakwandishan ko inda rana ke shigowa ta taga.

Wanda zai shirya wasan piyano zalla, ya tuna ba a fafe gora ranar tafiya. Mako biyu kafin ranar mai gyara ya zo ya bi maɓallai 88 ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya nutse kimanin milimita goma, ya motsa da nauyin da bai yi nisa da giram hamsin ba, ya kuma taso da kansa nan take. Ya gwada maimaita maɓalli ɗaya da sauri, don a nan ake gane mahaɗan da suka ɗaure. Ya taka fedar dama ya ga duk madannai sun tashi tare, ya saki ya ji ko akwai tsirkiyar da ta ci gaba da kuka. Idan gudumomi sun taurare, sun yi rami inda suke haɗuwa da tsirkiya, ƙarar gwangwanin nan ke nan, sai a gyara bakinsu a soka musu allura don ulun ya saki. Wannan aikin yini ne ko fiye, ba na awa ɗaya kafin a buɗe ƙofa ba. Idan kuma muryar ta faɗo nesa da ma'aunin da aka saba, wato A ta tsakiya tana kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, saiti ɗaya ba zai tsaya ba. Duk tsirkiyar da aka ja tana ƙara wa allon nauyi, sai waɗanda aka riga aka saita su sauka. Dole a fara jan su duka a gurguje, a bari su zauna, sannan a dawo a yi na tsanaki.

In za a kawo piyanon daga wani wuri ne, ya kwana a zauren aƙalla dare ɗaya, biyu sun fi. Babba yana kai kusan rabin tan, ana cire ƙafafunsa da gidan feda a kwantar da shi a kan miƙaƙƙen gefensa, kuma aikin masu sana'ar ne, ba na 'yan dako da aka tsinta a bakin kasuwa ba. Mutane sun fi tsoron ramukan hanya, amma girgizar mota ba ta karkata saiti kamar yadda sauyin iska yake yi. A ranar wasa a kunna sanyin zauren tun da wuri a matakin da za a yi wasan, a kunna fitilun dandamali, domin zafinsu yana sa tsirkiya ta saki, sannan a yi saitin ƙarshe. Makaɗi ya yi gwaji, mai saiti ya sake bin tsirkiyoyi uku-uku na kowane maɓalli. Idan ɗaya ta bambanta da 'yan uwanta da kaɗawa ɗaya kacal a daƙiƙa, za a ji sautin yana wau-wau sau ɗaya kowace daƙiƙa, kuma a kiɗa mai sanyi irin wanda ake riƙe sauti, kowa a zauren zai ji ko bai san sunan abin ba. A biya mai saiti ya zauna har lokacin hutu.

Wuta ma tana da nata. Lantarkin Najeriya yana juyawa sau 50 a daƙiƙa, G ta can ƙasan piyano kuwa sau 49. In waya ba ta da kyau ko ba a haɗa kayan sauti da ƙasa daidai ba, gurnanin da ke fitowa daga lasifika zai zauna dab da wannan G ɗin yana faɗa da ita duk daren. A tashi janareta tun farko, a ajiye shi nesa, kada a jira a ɗauke wuta a tsakiyar kiɗa sannan a sauya. A zauren da bai wuce mutum ɗari biyu ko uku ba, a buɗe murfin piyanon duka ya fuskanci jama'a a bar lasifika a kashe.

Sai mu masu sauraro. Mun saba da biki, inda ake liƙi, ana hira, ana kiran mai lemo, kiɗa na tafiya, kuma wannan daidai ne a wurinsa. Kiɗan da ake ƙirƙira nan take, mutum ɗaya da piyano, yana bukatar wani abu daban, saboda makaɗin yana sauraron wutsiyar sautin da ya buga ne kafin ya yanke shawarar na gaba. Ƙarar waya ɗaya ta isa ta yanke masa zaren. An san Jarrett da tsayar da wasa saboda tari ko hasken kyamara, har an riƙa raba alewar tari a ƙofa, kuma ya sha suka a kan zafin ransa, wani sukar ma ya cancanta. Mai shirya wasa a Legas ba ya bukatar kai wa nan. Ya rufe wurin sayar da abin sha in an fara, ya tsayar da masu makara a ƙofa har a kai gaɓa, ya kuma faɗa wa jama'a tun farko cewa kashin zai kai minti ashirin ko talatin ba tsayawa, don kada su yi ta tafi a duk inda makaɗi ya ja numfashi.

Akwai tambayar da masu ƙananan zauruka a Surulere da Ikeja suke yawan yi: tsakanin tsohon babban piyano da aka yi shekaru ba a taɓa ba da na lantarki mai kyau, wanne za a ba baƙo? In na lantarkin yana da maɓallai 88 masu nauyi da feda ta gaske, ba 'yar robar nan mai zamewa a ƙasa ba, shi za a ba shi. Za a rasa amsawar da tsirkiyoyin da ba a buga ba suke yi idan an taka feda, za a rasa iskar da allon amo ke turowa, amma kowane maɓalli zai amsa, saiti kuma ba zai zame ba. A ɗora shi a kan ƙafa mai ƙarfi wadda ba ta rawa, a kafa lasifika biyu a bayan makaɗin, hagu da dama, don sautin ya fito daga inda jama'a ke ganin hannayensa, shi ma ya ji abin da suke ji. Kowanne aka zaɓa, a aika masa da sunan piyanon da tsawonsa da jerin lahaninsa mako guda kafin ya taso.